Sa Hannun Baturen Fatalwa

Ni mutumin Kano ne, ɗan marubuci. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sana'arsa kwafar littattafan addini da hannu. A zaure yake zama da alƙalumansa na kara da kwalaben tawada, mutane su kawo masa tsofaffin littattafan da gara ta fara ci, shi kuma ya sabunta musu. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, na Arabiyya ma ban yi nisa ba. Amma hannu kam, Allah ya ba ni. Tun ina ƙarami, duk rubutun da na kalla sau biyu zan fitar da shi kamar mai shi ne ya yi. Mahaifina ya taɓa sa ni na yi wata uku ba na rubuta komai sai bisimilla, saboda dogon layin nan da ake ja a tsakiyarta. Yakan ce, “Fara da sauƙi daga dama, ka riƙe numfashi, ka danne a ƙarshe.” Na ja layin nan har ya shiga jinina. Ku riƙe wannan, ya ku matasa, domin shi ne ya tona mini asiri.

A tsakiyar shekarun saba'in na sami gurbin karatun addini a Alƙahira. Kai, ranar da na fara ganin birnin nan! Motoci kamar tururuwa, gidaje a kan gidaje, mutane na lilo a ƙofar bas da hannu ɗaya suna karanta jarida da ɗaya hannun. Na kama ɗaki a unguwar Ainu Shams tare da wasu ɗalibai. Su suna tafiya aji, ni ina hawa jirgin ƙasa in nufi tsakiyar gari kallon silima. Shekara biyu na faɗi jarrabawa, aka cire sunana. Kunya ta hana ni komawa gida, ta kuma hana ni rubuta wa mahaifina gaskiya. Duk wata nakan aika masa wasiƙa da kyakkyawan rubutu cewa karatu na tafiya lafiya. Wannan ce ƙaryar farko da hannuna ya yi.

A wani lungu na tsakiyar gari akwai ɗan shagon wani dattijo Bamisire mai suna Ammu Zaki. Da ƙuruciyarsa shi ke juya na'urar majigi a gidan silima, da ya tsufa sai ya buɗe shagon sayar da tsofaffin hotunan fina-finai, da manyan takardun talla da ake mannawa a bango, da mujallu. Wata rana ya ga ina gyara masa wani kwali da rubutun jikinsa ya goge, ya ɗaga kwalin har kusa da hancinsa, domin idonsa ya fara yana, ya ce, “Ya ibni,” wato ɗana, “wannan hannun a ina ka same shi?” Washegari na fara aiki a wurinsa. Ni ke shara, ni ke rubuta sunayen kaya, ni ke karanta masa abin da idonsa ya kasa gani. Tare muke cin wake da burodi a kwano ɗaya. Da sallah matarsa ta aiko mini da riga.

A bayan kujerarsa akwai wani hoto cikin firam mai gilashi. Hoton wani Bature ne dogo, mai zurfin ido, wanda ya shahara a fina-finan ban tsoro na zamanin baƙi da fari. Shi ne mai tashi daga kabari, shi ne mai bin mutane cikin hazo hannuwa a miƙe. Ya daɗe da mutuwa kafin in je Masar. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu dai Baturen Fatalwa muke ce masa. A ƙasan hoton akwai sa hannunsa da shuɗiyar tawada, da wani dogon layi da ya ja a ƙarƙashin sunan, mai kauri a hagu, siriri a dama. Ammu Zaki yana saurayi ya rubuta masa wasiƙa, bayan wata da watanni amsa ta zo da hoton a ciki. Idan yana ba da labarin nan har miƙewa yake yi tsaye ya kwaikwayi tafiyar mutumin, mu yi ta dariya.

Turawa masu tara irin waɗannan abubuwa sun san shagon. Sun san Ammu Zaki ba ya sayar da na jabu. Sama da shekara talatin yana wurin, ba wanda ya taɓa dawo masa da kaya. Yakan ce mini, “Ba ni da gida, ba ni da gona. Sunana kawai nake da shi, shi nake ci.” Duk abin da ya fita daga shagon sai ya buga masa ɗan hatiminsa a baya. A wurin masu saye, hatimin nan ya fi rantsuwa.

Shi ya koya mini yadda ake gane sa hannu na gaskiya, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin wani darasi kamar wannan ba. Yakan karkata hoto ga hasken ƙofa ya ce in duba ko alƙalami ya bar rami a jikin takarda. Idan babu, to injin ne ya buga. Ya ce in duba tawada: ta dā tana dushewa ta yi launin toka-toka, ta yau tana sheƙi. Ya ce idan na ga an yi amfani da biro a hoton mutumin da ya mutu kafin biro ya yaɗu, in jefar. Babban abin kuwa shi ne sauri. “Mai suna ba ya tunani in zai rubuta sunansa,” in ji shi. “Hannunsa gudu yake yi. Ɓarawo ne ke tsayawa ya yi tunani, sai ka ga layinsa na rawa kamar akuya a kan gada.” Ina saurare, ina gyaɗa kai, zuciyata kuwa na ce mini, to ai kai hannunka ba ya rawa.

A nan Isufu ya shigo. Isufu mutumin Damagaram ne, ɗan kasuwa, yana zaune a unguwar Faisal. Yana jin Faransanci kamar ruwa, yana bin Turawa masu yawon buɗe ido yana sayar musu da tsarabar ƙarya da ta gaskiya. Kun san tsakanin Bakano da Badamagare wasa ne, don haka tun ranar farko muka saba. Wata rana bayan la'asar muna shan shayi a bakin titi, ina wasa da alƙalami a bayan kwalin sigarinsa, sai na zana sa hannun Baturen Fatalwa, haka kawai don nishaɗi. Isufu ya ɗauki kwalin ya ƙura masa ido.

Ya ce, “Kai, bawana, wa ya yi wannan?”

Na ce, “Ubangidanka dai. Yanzu a gabanka.”

Ya ce, “Sake in gani.”

Na sake. Ya buga cinya ya ce, “La ilaha illallahu! Ashe Kanawa ma Allah na ba su wani abu ban da surutu! Kana zaune da rijiya a hannu kana shara a shagon tsoho?”

Na ce masa haramun ne. Ya ce wane haramun, mutumin da ya mutu, kuma aikinsa a duniya tsorata bayin Allah? Wa aka cuta? Bature zai rataya a ɗakinsa ya yi murna, mu mu ci abinci. “Guda ɗaya tak, Alaramma. Yalla, gwaji ne.”

Guda ɗayan nan shi ne ya kashe ni. A ƙarƙashin teburin Ammu Zaki akwai akwati cike da hotunan Baturen Fatalwa marasa sa hannu, irin waɗanda ake mannawa a ƙofar silima. Na zari ɗaya na sa a riga. Na sayi tsohon alƙalami mai shan tawada a wurin masu gwanjo. Na sirka tawada da ruwan shayi, na rubuta, na shanya a kan soron gidanmu kwana uku rana ta dushe ta. Duk abin da tsohon nan ya koya mini don in gane ƙarya, shi na juya na gyara tawa ƙaryar. Kwana biyu Isufu ya zo yana rawa a kan titi. Wani Bafaranshe ya saya, har ya sumbaci hoton.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Kuɗin ma bai kai mini daɗin sanin cewa hannuna ya ruɗi Bature mai digiri ba. Na ɗinka kwat, na sayi agogo, na daina hawa jirgin talakawa. Daga ɗaya muka koma biyar, daga biyar na daina lura. Da wani mai saye ya nemi shaida, Isufu ya ce in riƙa buga hatimin tsohon a baya. Na yi jinkirin kwana ɗaya kacal. Ammu Zaki na fita sallar azahar, ni ina buɗe aljihun tebur ina bugawa. Ya dawo ya ce, “Ka ci abinci, ya ibni?” In ce na ci, Ammu.

Muna cikin haka, a farkon shekarun tamanin, Isufu ya zo da wata magana. Ya sami wani attajiri da ba ya ruɗuwa, hoton bangon shagon nan yake so, na ainihi. Ya ce, “Tsohon nan ba ya gani. Ka yi masa wani ka sa a firam, har ya mutu ba zai sani ba. Ai daɗinsa a zuciya yake, ba a takarda ba.” Na zage shi, ya yi dariya. Bayan mako guda na fara aikin.

Ban taɓa yin aiki kamar wannan ba. Na zaɓi hoton da ya yi daidai da na bangon har lanƙwasar gefe. Na yi mako biyu ina gwaji a kan tsofaffin jaridu har sunan ya riƙa fita da gudu, ba tunani, yadda tsohon ya ce. Dogon layin ƙasan ne ya ba ni wuya. Duk lokacin da na ja shi daga hagu sai ya yi ɗan rawa. Sai na tuna da zauren mahaifina. Na riƙe numfashi, na fara da sauƙi daga dama, na danne a ƙarshe. Layi ya fito sambal, siriri a dama, mai kauri a hagu, kamar an ɗauko na bangon an ajiye! Na yi tsalle a ɗaki ni kaɗai. Ranar Juma'a, tsohon na masallaci, na musanya. Na miƙa wa Isufu na ainihin a cikin jarida.

Wata huɗu hoton jabun nan nawa na rataye a bayan kujerar Ammu Zaki. Yana nuna wa baƙi, yana kwaikwayon tafiyar, ni ina dariya tare da su.

Sai wata safiya ya ce in zauna. Likita ya ce masa idan ba a yi aikin idon nan a wannan shekarar ba, to shi ke nan. Ya ce, “Na yanke shawara, ya ibni. Zan sayar da abokina. Ya tsorata duniya, bari ya buɗe mini ido.” Ya yi dariya. Akwai wani Bature da ya daɗe yana roƙonsa, zai zo ranar Talata, kuma zai zo da mai duba rubutu, wai haka al'adarsu take in kaya ya yi tsada. Ku ji irin haukata: wani gefen zuciyata murna yake yi. Ina so a gwada aikina a gaban gwani.

Ranar Talata da hantsi suka iso. Baturen ja ne, mai gumi, da hula a hannu. Mai duba rubutun kuwa wani siririn Bamisire ne mai furfura, ana ce masa Ustaz Nabil, wanda ya yi shekaru yana duba takardun jabu a kotu kafin ya yi ritaya. Maƙwabta suka taru a ƙofa, mai shayi, mai gyaran agogo, mai sayar da jarida, kowa na son ya ga yadda za a yi. Ni da kaina na sauko da firam ɗin, na cire gilashin.

Ustaz Nabil ya shimfiɗa farin ƙyalle. Ya fito da gilashin ƙara girman rubutu da wani littafi mai hotunan sa hannun mutumin. Ya shinshina takardar. Ya juya bayanta. Ya karkata ta ga haske, ya ce, “Takarda ta zamanin ce.” Baturen ya yi murmushi. Ya dubi tawada ya ce, “Tawada ta dushe yadda ya kamata.” Ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da na littafinsa. “Hannu mai sauri. Ba tsayawa, ba rawa. Tamam.” Mai shayi ya ce, “Allahu akbar!” Na ci! Na ci gwanin kotu!

Har ya fara mayar da gilashin aljihu, sai ya tsaya. Ya sake sunkuyawa a kan dogon layin. Ya bi shi daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo. Ya daɗe. Sannan ya ɗaga kai ya ce, “Ya Hajj Zaki, wannan Baturen naka na cikin hoto ya taɓa shiga makarantar allo?”

Mutane suka fashe da dariya. Shi bai yi ba.

Ya ce wa Baturen ya matso ya duba. “Ga kaurin layi a hagu, kamar na gaskiya. Amma a na gaskiya, kaurin nan mafari ne: a nan yake dasa alƙalami, ya ja zuwa dama, ya ɗaga. A wannan kuwa kaurin ƙarshe ne. Dubi tawada ta taru a nan kamar ɗigon ruwa, domin a nan alƙalami ya tsaya. Dubi inda layin ya ratsa wutsiyar wannan harafin, ya janyo tawadarsa zuwa hagu. Daga dama aka ja shi. Wanda ya yi wannan ya koyi jan layin bisimilla kafin ya koyi rubutun Turawa. Gwani ne, na rantse, ban taɓa ganin kamarsa ba. Amma na jabu ne.”

Baturen ya yi ja kamar gauta. Ya buɗe jakarsa ya fito da wasu hotuna biyu da ya saya a hannun wani a otal, ya ce a duba su. Nawa ne, cikin waɗanda na yi bayan musanyar. Layi daga dama, hatimin Ammu Zaki a baya. Ya fara ihu da Turanci yana nuna tsohon da yatsa, yana cewa a kira 'yan sanda.

Ammu Zaki ya ɗauki hoton ya kai shi har kan hancinsa. Sannan ya juyo da fuskarsa inda nake tsaye. Ba ya ganina sosai, amma ya san inda nake. Ya san mutum ɗaya ne a duniya ke riƙe da makullin shagon ban da shi. Na jira ya kira sunana. Bai kira ba. Cewa ya yi, “Ya ibni, je ka gaya wa Hajiya kada ta jira ni da abinci.”

Na fita. Ban je wurin Hajiya, matarsa, ba. Gudu na yi.

Na faɗa ƙaramar bas zuwa Faisal, na haye benen Isufu ina haki. Mai gidan ya ce ai tun makon jiya ya kwashe kayansa, ba wanda ya san inda ya nufa. Na ɓuya a ɗakin wani ɗan garinmu kwana huɗu, ina cewa zazzaɓi nake yi. A rana ta biyar na kasa zama, na rufe fuska da rawani na koma lungun. An rufe shagon, an ɗaure ƙofar da ƙyalle an manna jan kaki mai hatimin hukuma, yadda suke yi wa wurin da aka kama da laifi. Wani ya rubuta “mayaudari” da alli a jikin ƙofar. Mai shayi ya gane ni duk da rawanin. Ya ce, “Kai ne? Kwanansa biyar a tsare. Sun tambaye shi wa ke taɓa hatiminsa, ya ce shi kaɗai. Mutum mai shekara saba'in yana kwana a siminti.” Ya tofar da yawu kusa da takalmina.

Daga nan ƙafata ce ta kai ni ofishin 'yan sanda. Na ce wa jami'in ni ne na yi. Ya dube ni sama da ƙasa ya yi dariya. “Kai? Ɗan shara? Nawa tsohon ya ba ka ka ɗauke masa laifi? Yalla, fita.” Na ƙi fita. Na ce a kira Ustaz Nabil, a ba ni takarda da alƙalami. Da la'asar ya zo. Aka fito da Ammu Zaki aka zaunar a benci, gemunsa ya tsiro, rigarsa ta yi dauɗa. Na kasa kallonsa.

Ustaz Nabil ya miƙo mini alƙalaminsa. Na rubuta sunan Baturen Fatalwa cikin ƙiftawar ido. Na riƙe numfashi, na ja layin. 'Yan sanda suka taru a kaina suna “ya salam, ya salam!” Kuma ga abin kunyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: a wannan lokacin ma, tsohon na zaune a benci saboda ni, sai da na ji kaina ya ɗan kumbura. Ustaz Nabil bai ko ɗauko gilashinsa ba. Ya ce, “Khalas. Shi ne.” Sannan ya ce mini a hankali, “Wa ya koya maka wannan layin?” Na ce mahaifina. Ya ce, “Don wannan ya koya maka?” A nan ne kumburin ya sace, na durƙusa ina kuka.

Shekara uku na yi a gidan yari. Ba zan cika ku da labarin kwarkwata da sanyi da miyar da ba ka san me ke cikinta ba. Fursunoni suka gane ina da rubutu, na zama mai rubuta musu wasiƙu zuwa gida. Ta farko da na rubuta don kaina ta mahaifina ce, na gaya masa komai. Amsar da ta zo ba da hannunsa ba ce, ƙanena ne ya rubuto cewa ya rasu kafin wasiƙar ta isa. Ya tafi yana zaton ɗansa malami ne a Masar.

Da aka sake ni, aka ba ni 'yan kwanaki in bar ƙasar. Na nufi lungun. Shagon na buɗe, amma rabin kantocin wayam. Kotu ta wanke Ammu Zaki, sai dai labari ya riga ya zaga cewa akwai na jabu masu hatiminsa, Turawan nan suka ɗauke ƙafa. Ba a yi aikin idon ba. Na same shi a kujerarsa, idanun sun yi fari fat. A bayansa firam ɗin na rataye, ba komai a ciki.

Na yi sallama. Ya karkata kai ya ce, “Wannan muryar ta rame.”

Na faɗi a gabansa na kama ƙafarsa, na ce ya yafe mini. Ya ce, “Tashi, kana tare hanya.” Sannan ya ce, “Na yafe tun ina kan simintin nan, don in sami barci. Amma yafiya ba ta dawo da suna. Mutane suna cewa, wa ya sani, ƙila tare suka yi. Hannun naka yana nan?”

Na ce yana nan, Ammu.

Ya laluba aljihun tebur ya fito da farin kwali da alƙalami. “To rubuta abin da ya faru. Da Larabci, da Turanci in ka iya. Ka sa hannu. Naka, ba na wani ba.”

Na rubuta cewa ni ne na sace hoton ainihi, ni ne na yi na jabu, ni ne na saci hatimi, mai wannan shago bai san komai ba, kuma ya kwana a tsare don ya rufa mini asiri. Da na zo sa hannu sai na tsaya. Na iya sunan mataccen Bature ido rufe, amma nawa sai da na yi tunani. Hannuna ya yi rawa. Na rubuta shi a karkace, na ja layi a ƙasa, daga dama. Ya ce in karanta masa da ƙarfi. Na karanta, mai shayi da mai agogo na tsaye a ƙofa suna ji. Ya ce in sa a firam ɗin in rataya. Na rataya. Sannan ya ɗaga murya ya ce, “A kawo shayi biyu. Ɗaya ba sukari, yaron nan ya sha zaƙi ya ishe shi.”

Hoton ainihin ba a ƙara jin labarinsa ba, Isufu ma haka. Na dawo Kano na buɗe rumfar rubuta allunan shaguna, da ita na riƙe iyali har idona ni ma ya fara gajiya.

Ya ku 'ya'yana, ni ban fasa gidan kowa ba, ban riƙe wuƙa ba. Da kwalin sigari na fara, da wasa, da son a ce na iya. Idan Allah ya ba ku wata baiwa, ku kula da wanda zai fara yaba ta yana cewa “guda ɗaya tak.” Ku kula da wanda ya ba ku makulli ya tafi masallaci, domin abin da ya bar muku ya fi kayan shagon. Ni na sayar da sunan mutumin da ba shi da komai sai sunan, na haɗa da idonsa. Duk abin da za ku rubuta a duniya, ku tabbata za ku iya sa sunanku a ƙasansa, ku karanta shi da ƙarfi maƙwabta na tsaye a ƙofa.